Hanyar Hawa Dutse Ta Girmi Ganuwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina, gonaki ne za su cika masa ido: kunya na bin kunya, gero da dawa da wake, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsaitsaye, babu sauran daji tsakanin wannan ƙauye da wancan. Ƙasar a shimfiɗe take, shi ya sa ba kasafai ake tunawa da duwatsunta ba. In aka yi zancen hawan dutse, hankali kan tafi can bakin teku, ga irin su Dutsen Kamaru da ke tsaye a kan garin Buea, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Namu ba su kai ko kusa ba, Dala kansa mita 534 ne daga doron teku. Amma ina ganin siraran hanyoyin da ke hawa Dala da Goron Dutse da Magwan da Fanisau suna cikin mafi tsufan abin da mutum ya bari a ƙasar Kano, kuma wannan cikowar gonaki da muke alfahari da ita daga gindin waɗannan duwatsu ta faro.

Hujja ta farko tama ce. Masu binciken kayan tarihi sun gano wurin narka tama a Dala wanda gwaji ya nuna ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya, wato sama da shekara 300 kafin 999, shekarar da ake lissafa wa Bagauda, sarkin Kano na farko. Wannan ya yi daidai da abin da Abagayawa suka gada a baki, cewa kakanninsu maƙera ne da suka taso daga Gaya neman tama. Dala dutsen marmara ne, irin wanda maƙeri ke nema, ga kuma ruwan Jakara da kurminsa a kusa. Inda aka samu ƙarfe an samu gatari da fartanya, da su kuwa ake sare daji a mai da shi gona. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da ya zo lissafa manyan mutanen farko, da duwatsunsu ya ambace su: na Dala, na Goron Dutse, na Magwan, na Jigirya, na Tanagar, na Fanisau. Abin lura ga Barbushe, shugaban mutanen Dala, shi ne, a saman Dala yake zaune, kuma littafin ya ce ba ya saukowa sai a ranakun da jama'a ke taruwa a gindin dutsen da baƙaƙen dabbobinsu don bautar Tsumburbura. Ke nan hanyar hawan Dala a lokacin hanyar iko ce, ba kowa ke taka ta ba.

Da sarauta ta kafu, dutse bai rasa matsayinsa ba, aikinsa ne ya sauya ya koma na tsaro. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara wajen ƙarshen ƙarni na 11 ko farkon na 12, Dala ta kewaye, daga baya aka faɗaɗa ta har ta haɗiye Goron Dutse. Santolo, can kudu da birni, ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano saboda dutsensa, sai a zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, aka ci shi bayan zuwan Wangarawa. A nan arewa kuwa labarin ya fi kusa da mu. Bayan jihadi, wani jagora mai suna Ɗan Tunku ya ƙi bin Sarki Ibrahim Dabo, ya tashi daga yankin Ɗambatta ya kafu a cikin duwatsun Kazaure, inda doki ba ya sukuwa yadda ya so. Shi kuma Dabo ya yi sansani a Fanisau, a tsakanin manyan duwatsu, a nan Baturen nan Clapperton ya je ya gaishe shi a watan Janairun 1824. Ƙarshenta Kazaure ta tsaya da ƙafarta a matsayin masarauta. Duk manomin da ke tsakanin Fanisau da Kazaure a wancan zamani ya san wace hanya zai bi da iyalinsa da awakinsa in ƙura ta tashi.

Za a ce da ni Tarihin Kano ba abin dogaro ba ne a kan zamanin Barbushe, tunda sai ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi a yadda muke da shi, a zamanin Sarki Muhammadu Bello. Gaskiya ne, kuma ba na kare kowace shekara ko kowane suna da ke ciki. Sai dai hujjata ba ta rataya a kan littafin kaɗai ba. Tamar Dala ba marubuci ne ya binne ta ba, duwatsun da ya ambata kuma suna nan da sunayensu, ana iya zuwa a taka su. Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa kasuwa ce ta cika ƙasar Kano da gonaki, ba dutse ba. Suna da abin kafa hujja: Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki a mangala, har ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 da cinikin gyaɗa sun ƙara wa abin ƙarfi. Na yarda da duk wannan. Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa kasuwar ta zauna a nan ba wani wuri ba? Kasuwar Kurmi a bakin Jakara take, a inuwar Dala. Takin da ya raya gonakin Ungogo da Dawakin Tofa daga birnin da tama da tsaro suka tara ya fito.

Akwai kuma masu jin ƙyashin zancen gaba ɗaya, don a ganinsu tuna Dala tuna tsafi ne. Wannan damuwa ta mutanen kirki ce, ba ta raini ba. Amma tun zamanin Sarki Tsamiya, a farkon ƙarni na 14, aka rushe wurin bautar Tsumburbura, kuma wanda ya adana mana labarin Barbushe malami ne Musulmi da ya rubuta shi da Larabci, bai ga hakan ya taɓa imaninsa ba. Dabo, da ya yi sarauta a ƙarƙashin tutar Shehu, bai guji Fanisau don tsohon tarihinta ba, gida ya gina a can. Ko Baturen nan Barth da ya zo a 1851, daga saman Dala ya zana hoton birnin, kuma wannan zane na cikin 'yan abubuwan da muke gane kamannin Kano ta wancan zamani da su.

Abin da ke damuna shi ne halin da hanyoyin ke ciki yau. Dala ya samu matakala ta siminti, amma gidaje sun matse shi ta ko'ina, ruwa na zaizayar gefensa. Duwatsun karkara kuwa masu fasa dutse ne ke cin su, ana loda tsakuwa a tifa ana kaiwa birnin da ke ta gini. Ba na zargin mai fasa dutse, abincin 'ya'yansa yake nema, kuma gini ba ya yiwuwa sai da tsakuwa. Amma in aka fasa gefen dutse kafin wani masani ya duba shi, kashin tama da fasassun tukwane da tsohon turken gida duk tifa ɗaya ke kwashe su. Waɗanda suka san hanyoyin hawa yanzu su ne makiyaya da masu sassaƙar magani da dattawan ƙauye, kuma saninsu a ka yake. Jami'ar Bayero da Gidan Makama suna da mutanen da za su iya bin waɗannan dattawa dutse bayan dutse, su rubuta sunan kowace hanya da kowane kogo, su auna, su ɗauki hoto. Fanisau ya kamata a fara da ita, don birni ya riga ya iso gindinta.