Daga Lema Zuwa Mimori: Tarihin Sana'ar da Ta Raine Mu

Duk wanda ya buɗe ido ya ga waya a hannun kowa, da wuya ya yarda an yi zamanin da mutum kan bi layi a ƙarƙashin lema don kawai ya gaisa da ɗan'uwansa na Legas. Mu mun ga wannan zamani, kuma a ƙarshensa muka fara neman na kanmu.

Kafin 2001, layukan wayar da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar, hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, zuwa watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai ya kai naira dubu 20, kira kuwa naira 50 ne duk minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Tsadar nan ita ta haifi sana'ar tebur da lema da Nokia guda, inda ake biya a buga waya. Yayyenmu ne suka ci wannan kasuwa. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, layi ya yi araha, masu lema suka koma sayar da kati.

Namu rabon ya zo ne wajen 2009, lokacin da wayoyin Chana masu layi biyu da ƙarar amsa-kuwwa suka cika kasuwar Farm Centre a Kano. Kowace tana da gurbin mimori, amma intanet ɗin da za a cika shi ya fi ƙarfin talaka. Mu uku, duk ɗaliban kimiyyar kwamfuta, muka haɗa kuɗi muka sayi kwamfuta 'yar gwanjo da ƙaramin janareta, muka kama gefen wani shago. Sana'ar ita ce turi: waƙa, wa'azi, karatun Alƙur'ani, da finafinan Hausa da na Indiya da muke matsewa zuwa 3GP don su shiga ƙaramar waya.

Darasin farko bai ɗauki wata uku ba. Ciniki na tafiya, amma ranar da janareta ya lalace sai muka tarar babu kuɗin gyara. Kowa na zura hannu a aljihun tebur ya sayi abinci, abokai na karɓar turi bashi. Daga ranar muka sayi littafi, muka yanka wa kanmu albashi.

Na biyu ya fi zafi. Wata dattijuwa ta kawo mimori a cire mata bairos, ɗayanmu ya goge shi gaba ɗaya ba tare da ya kwafe komai ba. Ashe hotunan marigayi ɗanta ne a ciki, kuma babu su a ko'ina. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, “Allah ya kyauta, 'ya'yana,” ta tafi. Har yau ba ma taɓa bayanan kowa sai mun ajiye kwafi.

Abin da ba mu hango ba shi ne, sana'ar tamu 'yar tsada ce, kamar ta masu lema. A 2010 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki, data ta soma sauka. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno suka biyo baya, sai WhatsApp da Xender. Abin da muke sayarwa sai ga shi yara na tura wa juna kyauta a bakin layi. Sana'ar ba ta mutu ba, har gobe akwai masu turi, amma mu mun rufe a 2014.

Akwai kuma lissafin da bai shiga littafinmu ba. Kowane fim da muka tura, faifai ɗaya ne da ba a saya ba a Ƙofar Wambai. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta rayu ne a kan kaset da faifan CD, mu kuwa muna cikin waɗanda suka kwashe mata ƙafa, ko sisi bai kai ga mai fim ba. Ba mu ji ciwon abin ba sai da muka fara rubuta manhaja, muka ga wadda muka kwana muna haɗawa tana yawo a kwamfutocin mutanen da ba su biya ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ga matashin da ke kan teburin POS ko cajin waya a yau, ga tambayar da babu wanda ya yi mana: wane rashi ne yake kawo maka ciniki, kuma ranar da aka magance shi, me zai rage a hannunka? Mu dai kwamfutar ta mutu, janaretan mun sayar. Abin da ya rage shi ne littafin nan, da ɗan ilimin da muka tsinta, da fuskar dattijuwar da har yanzu ba mu san yadda za mu biya ta ba.