'Yandoto: Garin Malaman da Suka Ƙi Miƙa Wuya

Tun watan Yulin 2022, da aka naɗa ɗan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, jama'a suka yi ca har Gwamna Bello Matawalle ya dakatar da sarkin masarautar, in an ambaci 'Yandoto sai hankali ya tafi ga 'yan bindiga. Wani mai karatu daga Bungudu ya aiko da tambaya: da gaske ne garin ya taɓa yin malaman da suka ja da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo? Da gaske ne, kuma ba ƙananan malamai ba.

'Yandoto, tsakanin Gusau da Tsafe, tsohuwar cibiyar ilimi ce a kudancin ƙasar Katsina, yankin da ake kira Katsinar Laka. Tarihin baka ma ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya ci sarautar Katsina. Da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 yaƙi ya ɓarke, sai garin ya rabu. Wasu suka bi Jama'a, wato mabiyan Shehu, amma manyan malaman suka cije, har aka kori masu goyon bayan Shehu.

Wajen 1806 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya sauka da runduna kusa da garin. A littafinsa Infaƙul Maisuri ya ce muƙabala ya nema: in gaskiya na wajensu zai bi su, in kuwa tana wajen Jama'a su biyo. Suka ƙi ko ganinsa, suka mayar da amsa mai zafi a kansa da mahaifinsa. Aka ci garin, malamai suka watse.

A nan ne ruwayoyi suka rabu. Ta farko, wadda aka fi ji a majalisun karatu, ta ce malaman fada ne, masu kare tuwonsu a gindin sarakunan Haɓe. Ta biyu ta ce malaman fiƙihu ne da suka ga babu hujjar ɗaukar makami a kan mai salla don ya yi saɓo. Ni ta biyun ta fi kwanta mini. Dalilina shi ne wannan tambayar ba ta mutu da 'Yandoto ba. Bayan 'yan shekaru Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno ya aiko da ita a wasiƙunsa, har ya zargi mayaƙan Jama'a da wulaƙanta littattafai. Bello bai musa gaba ɗaya ba. Ya ba da labarin yadda a wani yaƙi ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, da ya bincika aka ce masa ƙananan mayaƙa ne suka yi rigima kan ganima. Masana tarihi da yawa na danganta wannan da 'Yandoto. Kuma mu tuna, muƙabalar da aka nema da runduna a bakin ganuwa, ba kowane malami zai yarda muƙabala ce ba.

Duk da haka ina ganin ƙin fitowarsu ya cuce su, ya cuce mu. Da sun zauna sun baje hujjarsu, da yau muna karanta ta daga bakinsu. Abin da muka sani game da su, daga alƙalamin wanda ya ci su da yaƙi muka same shi. Wannan kuwa abin yabo ne ga Bello: ya kwafe sukar Alkanemi a cikin littafinsa, ya amsa ta da ilimi. Matasan da ake ce wa tambayar malami ko sarki rashin ladabi ne, ya kamata su san ɗan Shehu da kansa ya adana maganar masu ja da shi. Shehu Usmanu ma ai ya tuhumi sarakunan Gobir kan zalunci da haraji.

Bayan faɗuwar garin, Malam Sambo Ɗan Ashafa, na ɓangaren Jama'a, ya kafa Gusau, shi ya sa har gobe sarkinta Sarkin Katsinan Gusau ne. Bungudu na da Sarkin Fulaninta. Tsafe kuwa ta riƙe sunan tsohon garin a sarautar 'Yandoton Tsafe, kuma duka ukun suka shiga Jihar Zamfara da aka ƙirƙira a 1996.