Baƙaƙen Fata a Sana'ar Zanen Gine-gine a Amurka

Sana'ar zanen gine-gine a Amurka ta daɗe a hannun fararen fata, duk da cewa bayi baƙaƙe na cikin waɗanda suka fasa dutse, suka buga tubali wajen ginin Fadar White House. Baƙar fata na farko da ya yi fice da ilimin sana'ar shi ne Robert Taylor, wanda ya kammala karatu a jami'ar MIT a 1892. Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama, ya ɗauke shi aiki a makarantar, inda ya zana gine-ginenta, ɗalibai kuma suka gina su da hannunsu.

Rayuwar Paul Williams, haifaffen Los Angeles a 1894, ita ta fi nuna irin wulaƙancin da baƙaƙe suka sha a sana'ar. A 1923 ya zama baƙar fata na farko a ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasar, wato AIA. Da ya lura wasu fararen da ke kawo masa aiki ba sa son zama kusa da shi, sai ya koyi yin zane a juye: yana wancan gefen tebur, gidan na fitowa daidai a gaban mai shi. Yakan kuma riƙe hannuwansa a baya lokacin zagaya wurin aiki, don kada a shiga kunyar musafaha. Ya zana wa taurari irin su Frank Sinatra gidaje, wasu gidajen ma a unguwannin da shi kansa aka haramta masa zama. Ya rasu a 1980, kuma sai a 2017 AIA ta ba shi lambarta ta zinariya, abin da ya kamata a yi masa yana raye.

Mata sun fi shan wuya. Sai a 1954 Norma Sklarek ta zama baƙar mace ta farko da ta samu lasisin sana'ar a jihar New York.

A taron AIA na 1968, ɗan fafutukar 'yanci Whitney Young ya faɗa wa mahalarta ido da ido cewa shirunsu kan wariya abin kunya ne. Bayan haka ƙungiyar ta fara ba 'yan tsiraru tallafin karatu, sannan a 1971 wasu baƙaƙe 12 suka kafa tasu ƙungiyar, NOMA. Har yau baƙaƙe ba su wuce kusan kashi 2 cikin 100 na masu lasisi ba. Tsadar karatu, shekarun koyon aiki da jerin jarrabawa suna kayar da 'ya'yan talakawa da yawa kafin su kai ga lasisin.