3.2 Faɗaɗar Unguwanni da Samar da Ababen More Rayuwa: Misalin Rafin Guza

Kaduna gari ne da aka zana shi a takarda kafin a gina shi. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka taso da hedikwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a shekarar 1917, sai da suka shata tituna, suka ware wurin barikin soja da unguwar Turawa da ta ma'aikata, sa'an nan jama'a suka tare. A unguwar Turawa, hanya da magudanar ruwa da famfo su ne suke riga gida zuwa. Wannan sashe zai duba yadda al'amarin ya juye a unguwannin da suka taso daga baya, inda gida yake riga komai zuwa, kuma za a ɗauki Rafin Guza a matsayin misali.

Rafin Guza tana arewa da Kogin Kaduna, a yankin Kawo, kusa da gaɓar kogin. Sunanta kansa ya nuna cewa asalin wurin bakin rafi ne da daji, inda jama'a suka dogara ga noman fadama. Abin da ya mayar da irin waɗannan gonaki gidaje shi ne yawan baƙi. Masaƙar Kakuri ta fara aiki a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980, ga barikokin soja da ma'aikatun gwamnati. Duk waɗannan sun jawo mutanen da tsofaffin unguwanni ba za su iya ɗauka ba. Bugu da ƙari, rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa jama'a da dama sun sauya matsuguni bisa addini, wasu suka ƙetare kogi zuwa kudu, wasu suka dawo arewa, abin da ya ƙara wa unguwannin gefen gari cinkoso cikin ɗan lokaci.

Ba za a ce hukuma ba ta hango wannan faɗaɗa ba. A 1967 kamfanin Max Lock ya gabatar wa Gwamnatin Jihar Arewa tsarin da ya yi hasashen yadda garin zai kasance har zuwa 2017. Sai dai a wannan shekara ce aka rushe Jihar Arewa aka ƙirƙiri jihohi, yaƙin basasa kuma ya ɓarke, don haka gwamnatin da ta sa a yi aikin ba ta zauna ta aiwatar da shi ba. Daga baya aka kafa hukumar raya babban birnin, wadda hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, ta gada.

Babbar matsalar tana tattare da mallakar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya. Wuri irin Rafin Guza, wanda jiya ƙauye ne yau kuma unguwa, sai ya faɗa tsakanin biyun. A aikace, manomi ne yake yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar, a rubuta takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu. Wannan shi ake kira awon igiya. Mai gona kuwa riba yake nema, saboda haka ba ya barin filin makaranta ko asibiti ko kasuwa, hanyar da zai bari ma sau da yawa mota biyu ba sa iya giftawa a cikinta. Kafin jami'an tsara gari su iso, an riga an yi rufi an tare, abin da ya rage musu shi ne shafa jan fenti a bango.

Har ila yau, nauyin aikin a rarrabe yake. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 sun ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran titunan unguwa da magudanun ruwa da kwashe shara, alhali izinin gini yana hannun hukumar jiha, ruwan famfo yana hannun hukumar ruwa ta jiha, wutar lantarki kuma a da tana hannun NEPA ta tarayya, kafin a sayar da kamfanonin rarraba ta a 2013. Ƙaramar hukumar da ba ita ta yanka filin ba, ita ake jira ta yi kwalbati. Giɓin da aka bari mazauna ne suke cike shi da aljihunsu: su haƙa rijiya ko burtsatse, su sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, su yi karo-karo don sayen turakun wuta, su fito aikin gayya su yashe kwata.

Inda aikin gayya ba ya isa shi ne bakin kogi. Fadamar da a da take shanye ruwan damina an cike wani sashe nata da gine-gine, shi ya sa sunan Rafin Guza yake yawan fitowa cikin jerin unguwannin da ambaliya take shafa, tare da Unguwar Rimi da Kabala Costain. Shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya sake gina gadar Kawo, ya faɗaɗa manyan tituna, hukumar KADGIS kuma ta shiga aikin yi wa filaye rajista. Amma shimfiɗa hanya ko magudana a cikin unguwar awon igiya yana bukatar rushe gidajen da mutane suka saya da guminsu, tare da biyan diyyar da sau da yawa ta fi kuɗin aikin kansa.