Samaniya ma tana da mai ita: yadda kamfanonin dakon kaya suka yi kokowar izinin sauka a Japan da Sin

Tarihinmu na yau zai kai mu nesa da gida, ga wata kokowa da manyan kamfanonin jiragen dakon kaya na Amurka suka share shekaru kusan 20 suna yi tsakaninsu. Jirage suna da su, kuɗi suna da su, matuƙa suna da su. Abin da ya yi musu ƙaranci takarda ce: izinin sauka da ɗaukar kaya a Japan da ƙasar Sin, wadda muke ce ma Caina.

Da yawa cikinmu muna zaton duk wanda ya mallaki jirgin sama, inda ya ga dama zai nufa, tun da sama ba ta da shinge kuma ba ta da duwan. To, ba haka abin yake ba. A ƙarshen shekarar 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ƙasashe suka taru a birnin Shikago na Amurka don tsara zirga-zirgar jiragen farar hula. Ranar 7 ga Disamba ƙasashe 52 suka sa hannu a kan yarjejeniya, kuma ayarta ta farko ta ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin samaniyar da ke bisanta. Amurka, wadda ta fi kowa jirage a lokacin, ta so a buɗe sama kowa ya gwada ƙarfinsa. Ingila ta ƙi, don ta san in aka buɗe, kamfanonin Amurka za su cinye kasuwar. Da ba a daidaita ba, sai aka bar ma kowace ƙasa ta zauna da ƴar'uwarta, su biyu, su yi ciniki. Amurka da Ingila suka ƙulla tasu a tsibirin Bermuda a 1946, sauran duniya ta bi sahu.

Me ake rubutawa cikin irin wannan yarjejeniya? Kamfani nawa kowace ƙasa za ta turo, garuruwan da za a sauka, da sawu nawa za a yi a sati. Wanda ya san tasha ya san wannan tsari: mota ko sabuwa ce fil, in ba ta cikin layi ba ta lodi. Izinin kuma kashi-kashi ne. Akwai na ratsa sama ba tare da sauka ba. Akwai na sauka a sha mai a wuce. Akwai na kai kaya daga ƙasarka zuwa wata, da na ɗauko kaya daga can zuwa gida. Na biyar shi ne mai tsoka: ka sauka ƙasar wani, ka yi lodi, ka wuce da kayan zuwa ƙasa ta uku. Ku riƙe wannan na biyar, don a kansa rigima za ta tashi nan gaba.

A 1945 wani matuƙi mai suna Robert Prescott, wanda ya yi yaƙi a Sin cikin ayarin matuƙan Amurka da ake ce ma Flying Tigers, ya kafa kamfanin dakon kaya da abokansa, daga baya suka laƙaba masa sunan ayarin nasu. A 1969 kamfanin ya samu izinin jigilar kaya a kai a kai ta kan tekun Fasifik zuwa Asiya. Ya shiga sahun kamfanonin Amurka ƴan ƙalilan da ke cin moriyar yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Japan a 1952, lokacin da Japan ba ta daɗe da fita daga mamayar Amurka ba. Yarjejeniyar ta ba waɗannan kamfanoni damar sauka Japan su yi lodi su wuce sauran Asiya. Japanawa sun daɗe suna kukan cewa an rubuta ta ne lokacin da ba su da bakin magana.

Shi kuwa Federal Express, wanda yanzu muka sani da FedEx, yaro ne ƙarami. Fred Smith ya fara aikinsa a Afrilun 1973 daga garin Memphis, da ƙananan jirage 14 da ƙunshin saƙo 186 a daren farko. Cikin shekara goma ya zama gagarabadau a cikin Amurka, amma da ya juya zai fita waje sai ya tarar layi ya cika. A ƙarshen 1988 ya yanke shawarar sayen Flying Tigers ɗungurungum a kan kusan dala miliyan 880, aka haɗe kamfanonin a 1989. Jiragen da ya gada da yawansu tsofaffi ne, ga bashi, ga rikicin matuƙan ɓangarorin biyu a kan wa ya girmi wa a aiki. Shekarun da suka biyo baya FedEx ya yi ta asara a harkarsa ta waje, har a 1992 ya rufe aikin raba saƙo tsakanin ƙasashen Turai. Amma abin da ya je saye ya samu: izinin sauka a ƙasashe 21, da kujerar tsohon ɗan layi a Japan.

Amfanin kujerar ya fito a 1995. FedEx ya shirya buɗe babbar matattarar kaya a Subic Bay ta ƙasar Filifin, tsohon sansanin sojan ruwan Amurka, inda jirage za su riƙa haɗuwa da dare a rarraba kaya kowane ya kama gabansa. Don abin ya yi aiki, sai jiragensa sun ratsa ta Japan sun yi lodi. Japan ta ƙi amincewa da sababbin hanyoyin, ta ce wannan kayan kamfanoninta ne ake kwashewa a ƙofar gidansu. Amurka ta ce yarjejeniyar 1952 ta ba da wannan haƙƙi, kuma ta yi barazanar taƙaita lodin kamfanonin Japan Airlines da Nippon Cargo. A watan Yuli aka sasanta: FedEx ya samu hanyoyinsa, Japan ta samu ƙarin hanyar dakon kaya zuwa Shikago. Kun ga ke nan, rigimar kamfani guda ta zama rigimar gwamnatoci biyu, don izinin ba na kamfani ba ne tun asali. Na ƙasa ne, aro take bayarwa.

A Sin kuwa ƙofar ta fi haka ƙunci. Amurka da Sin sun ƙulla yarjejeniyar jirage a 1980, kuma Sin ta riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan don kare kamfanoninta da ba su yi ƙwari ba tukuna. Kujerar kamfanin dakon kaya zalla guda ɗaya ce, tana hannun wani kamfani mai suna Evergreen International. A 1995 FedEx ya saye ta a kan dala miliyan 67 da rabi. Ba jirgi a cikin cinikin, ba sito, izini kawai. A 1996 jiragensa suka fara sauka Sin. Babban kishiyarsa UPS, wanda ya girme shi da shekaru sama da 60, sai dai ya kai kaya Hong Kong ko ya yi hayar wuri a jiragen wasu. Shekara biyar yana kallo daga bakin ƙofa.

A Afrilun 1999 aka sabunta yarjejeniyar. Sawun da kamfanonin kowane ɓangare za su iya yi a sati ya tashi daga 27 zuwa 54, aka kuma ƙara kujera guda: bayan United, Northwest da FedEx, Amurka za ta iya turo kamfani na huɗu daga Afrilun 2001. Kujera ɗaya, masu nema huɗu: UPS, American, Delta da Polar Air Cargo. Ma'aikatar sufurin Amurka ce alƙali, kuma ba gwanjo take yi ba. Kowa yana kawo takardunsa ya nuna amfanin da jama'a za su samu in aka ba shi, sauran su kawo nasu takardun suna tonon aibinsa. American da Delta suka ce matafiya ne suka fi buƙata. UPS ya ce bai kamata a bar kamfani guda yana cin kasuwar saƙon gaggawa shi kaɗai ba, ya tattaro ƴan majalisa da babbar sandikar direbobi ta Teamsters suka mara masa baya. A Nuwamban 2000 ma'aikatar ta nuna UPS, ta tabbatar a Janairun 2001. Cikin sababbin sawu 10 da ake rabawa, UPS ya samu 6, United 2, Northwest 1, FedEx 1. A Disamban shekarar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kayan masana'antunta suka yi ambaliya. Sawu shida a sati, ga kamfanin da ke da ɗaruruwan jirage, amma sun zo a kan kari.

Da kaya suka fi ƙarfin layi, dole aka koma teburi. A Yulin 2004 aka sa hannu a Bejin a kan sabuwar yarjejeniya da ta ɗaga sawun daga 54 zuwa 249 a sati cikin shekara shida, 111 daga cikin ƙarin na dakon kaya ne zalla. A rabon farko na sawu 39, FedEx ya samu 12, UPS 12, Northwest 6, sabuwar kujera kuma ta faɗa hannun Polar da sawu 9. Cikin waɗanda suka nemi kujerar suka rasa har da Evergreen, wanda ya sayar da tasa shekara tara baya. Nan ma takardar ta nuna darajarta. DHL mallakin Jamusawa ne, kuma dokar Amurka ba ta yarda baƙo ya riƙe sama da kashi 25 cikin 100 na ƙuri'ar kamfanin jirgi ba. Sai a 2007 ya biya dala miliyan 150 ya sayi kashi 49 na hannun jarin Polar, da kashi 25 na ƙuri'a, don kayansa su samu wuri a jiragen da ke da izinin ratsa Fasifik.

A Mayun 2007 ƙasashen biyu suka amince cewa daga 2011 za a cire iyaka ga jiragen dakon kaya, ba ƙidayar sawu, ba ƙidayar kamfani. Sai a ce kokowa ta ƙare, kowa ya samu. To amma in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Kafin ƙofar ta buɗe, UPS ya riga ya buɗe matattararsa a filin jirgin Shangai a 2008, da wata a Shenzhen a 2010. FedEx ya kwashe daga Subic Bay ya koma Guangzhou a Fabrairun 2009, garin nan da ƴan kasuwarmu suka sani kamar tafin hannunsu. Sun kama sito, sun kama lokutan sauka masu kyau, sun kama abokan ciniki. Ƙananan da suka yi ta neman kujera kuwa, Gemini ya durƙushe a 2008, Arrow a 2010, Evergreen a 2013. Kowane da nasa dalilan faɗuwa, amma abin lura shi ne: waɗanda suka shiga lokacin da ƙofa ke ƙunci, su ne suka riƙe kasuwa bayan an buɗe ta.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu yana nan, don ayar nan ta Shikago ta shafi Nijar kamar yadda ta shafi Japan. Mun gani da idonmu a Agustan 2023, lokacin da aka rufe sararin samaniyarmu, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa zagaye suna ƙona ƙarin mai. Tun kafin nan ma, a 1961, da Nijar da wasu ƙasashe 10 suka kafa Air Afrique a birnin Yawunde, babban jarin da suka zuba shi ne izinin hanyoyinsu na waje da suka haɗa wuri guda. Kamfanin ya mutu a 2002, izinin ya koma hannun ƙasashe. A 1999 ƙasashen Afirka 44 suka amince a Yamusukuro cewa za su buɗe ma juna sama har da izini na biyar, a Janairun 2018 aka ƙaddamar da kasuwar sama ta bai-ɗaya a Adis Ababa, amma har yanzu aiwatarwa tana jan ƙafa.

Ƙasar da ba ta da bakin teku, kamar tamu, magani da allurar rigakafi da kayan gyaran injina na gaggawa sau da yawa ta filin jirgin Diori Hamani suke shigo mata. Kamfani nawa aka yarda su sauka, sawu nawa, da ko an bar su su yi lodi su wuce wata ƙasa, duk suna cikin abin da ke yanke kuɗin da ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai biya a kan kowane kilo. Japan ta kulle ta yi ciniki, Sin ta buɗe a hankali har kamfanoninta suka yi ƙwari kuma matattarar kaya ta dawo cikin gidanta. Kowace ta san abin da ke hannunta kafin ta zauna teburi. Duk ranar da muka ji an ce Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniyar jirage da wata ƙasa, ya kamata mu tambaya: kujera nawa aka bayar, sawu nawa, kuma me muka karɓa a madadi?