Takubban da Fatake Suka Bar Mana

A wasu tsofaffin gidajenmu na Zugu da Parakou har yau akwai takobi rataye a ɗaki, tsatsa na cinsa, jikoki ba su san labarinsa ba.

Kakanninmu fatake ne. Ta nan ayarin goro ke bi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, madugu a gaba, takobi a hamila saboda 'yan fashi. Ruwan takubban da yawa daga Solingen ta Jamus yake, ya ƙetaro Sahara. Bature Barth ya tarar da cinikinsa a Kano a 1851. Maƙeranmu ke sa ƙota, dukawa su ɗinka kube. Da Ingila ta ci Asante a 1874, kasuwar Salaga ta fara mutuwa, takubban suka koma ɗaka.

Ku duba ruwan: jinjirin wata biyu ko wata alama shaida ce, kada a kankare ta da yashi. A shafa mai kaɗan kafin damina, kuben a shafa man kaɗe lokacin hunturu. Kafin dillali ya taya, a rubuta sunan mai shi.

Allah ya jiƙan magabata.