Tarihin Gano Cutar PCOS

A shekarar 1935 likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana lalurar wasu mata bakwai masu ɗaukewar jinin al'ada da kumburin gidan ƙwai, wasunsu da yawan gashin jiki, lalurar da daga baya aka kira PCOS. Da awon homon a jini ya samu, sai aka lura cewa homon maza yakan hauhawa a jikin masu lalurar. A 1980 bincike ya danganta hauhawar da yawan insulin, abin da ya haɗa cutar da ciwon suga. Taron Rotterdam na 2003 ya tsayar da alamu uku: rikicewar al'ada, yawan homon maza, da ƙananan ƙulli a hoton gidan ƙwai. Biyu daga ciki sun isa tabbatar da cutar, bayan an kawar da shakkun wasu cututtuka.